Sabon wili ya samu, saura taya: yadda muka yi da wata ƙaramar Honda Jazz a Kano

A ƙarshen watan Fabrairun 2024 ƙanina ya turo mini hoto ta WhatsApp: wili huɗu na aloyi, sai ƙyalli suke yi, an jingine su a bangon wani shago a kasuwar Ƙofar Ruwa. A ƙasan hoton ya rubuta: "Yaya, na saya. Saura taya. Michelin ko Bridgestone?" Na yi shekaru ina kula da motocin wani kamfanin rarraba kaya, shi ya sa duk wanda taya ta dama a danginmu ni yake nema. Tambayar gajeriya ce, amma sai da muka kwana tara kafin a ɗaura taya a kan wilin nan, kuma sunan kamfani shi ne abin da muka yanke a ƙarshe.

Motar da mai ita

Motar Honda Jazz ce ƙirar farko, wadda aka yi daga 2001 zuwa 2008. Tasa ta 2006 ce, 'yar Baljiyam. Ƙaramar mota ce, nauyinta tan ɗaya da 'yan kai, injinta irin mai filogi takwas ɗin nan da ke ba sababbin makanikai mamaki in sun buɗe bonet. Ta zo da wilin ƙarfe mai inci 14 da taya 175/65 R14.

Shi kuma mai motar a Kano yake zaune, a Wudil yake aiki, wato kusan kilomita 40 zuwa, 40 dawowa, kwana biyar a mako. Duk wata yakan kwashi iyali su je Azare gaida surukai, kuma ba a taɓa dawowa but ɗin motar babu buhu ba. Layin gidansa babu kwalta, da damina sai an san inda ake taka wa. Duk wannan ya shiga lissafi, domin tayar da ta dace da wanda ke zagaye tsakanin Nasarawa GRA da ofis daban take da ta mai tsere da manyan motoci a titin Maiduguri kullum safiya.

Da na tambaye shi dalilin canza wilin, sai ya ce aloyi ya fi sauƙin nauyi, zai rage shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowane sha'awa sai an ɗaura masa wannan hujja. Gaskiyar magana, wilin aloyi na zubi mai inci 15 ba lallai ne ya fi na ƙarfe mai inci 14 sauƙi ba, kuma in aka haɗa shi da taya mai faɗi, nauyin sai dai ya ƙaru. Ado ne ya ja shi. Ban ga laifinsa ba, motarsa ce. Sai dai adon yana da farashi: wilin ƙarfe in ya faɗa rami lanƙwashewa yake yi, a buga da guduma a ci gaba da tafiya, aloyi kuwa tsagewa yake yi, sai a kai wa mai walda, kuma wilin da aka yi wa walda ba ya komawa yadda yake. Saboda haka tayar da za a ɗaura masa dole ta zama mai kare shi.

Na sa ya juya wilin ya karanto mini abin da aka buga a bayansa. Inci 15, faɗi shida da rabi, ET40 (ma'aunin yadda wilin ke shigewa ciki ko fitowa waje a jikin mota), ramin noti huɗu a kan da'irar milimita 100. Ya yi sa'a, domin bai duba ko ɗaya ba kafin ya biya. Da wilin Peugeot ya ɗauko, mai ramuka huɗu a kan 108, da sai dai ya rataye shi a falo. Abu ɗaya ne bai yi daidai ba: ramin tsakiyar wilin 73.1 ne, kan da ke jikin Honda kuwa 56.1. Wannan yana da magani, zan dawo kansa.

Girma tukuna

Matsalar farko ta kuɗi ce. Da tsofaffin wilinsa ne, yana iya sayen taya biyu yau, biyu bayan albashi. Tunda ya tashi daga 14 zuwa 15, huɗu zai saya rana ɗaya. Lokacin kuma dala ta haura naira 1,500, farashin da mai shago ya faɗa maka da safe ba ya kaiwa la'asar.

Ta biyu ita ce girma, kuma a nan ne mutane suka fi yin asara ba su sani ba. Lambar 175/65 R14 ma'anarta: faɗin tayar milimita 175, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗi, wato kusan milimita 114, sai wili mai inci 14. In ka haɗa gefen sama da na ƙasa da wilin, tsayin ƙafar motar gaba ɗaya ya kama milimita 583. A kan wannan tsayi aka auna agogon gudun motar, da giyarta, da filin da aka bar wa taya a cikin madigadi. In wili ya ƙaru da inci ɗaya, sai gefen taya ya ragu, don jimillar ta tsaya kusa da 583 ɗin. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi uku cikin ɗari.

Shagon farko da muka shiga, mai shagon bai ko tambayi wace mota ba ce. Da jin "sha biyar" ya sa yaro ya sauko da 195/65 R15. Ita ce tayar Corolla, ita ta cika kasuwa, kowane kamfani yana da ita, kuma ta fi araha saboda yawanta. "Yallaɓai, wannan za ta ɗaga masa motar ma, rami ba zai dame shi ba," in ji shi. Na ɗauki biro na yi masa lissafi a bayan rasit: tsayinta ya kai milimita 634, ta zarce ta asali da kusan kashi tara cikin ɗari. Agogo yana nuna 100, motar tana yin 109. Ƙaramin inji zai riƙa nishi wajen tashi, kuma ranar da aka cika bayan motar da mutane da buhun gero, tayar za ta riƙa gugar madigadi duk inda aka haura tudun rage gudu. Ya yi dariya ya ce mutane da yawa suna sawa. Na san suna sawa. Ina ganin gefen tayoyinsu a yanke.

Girma uku ne suka shiga ƙa'ida. Akwai 185/55 R15, tsayinta 584, kamar an auna da ta asali, kuma ita Honda ta ɗaura wa Jazz ɗin Turai masu wilin 15. Akwai 195/50 R15, wadda ake samu da sauƙi saboda 'yan Golf, tsayinta 576, amma gefenta bai kai milimita 98 ba. Sai 195/55 R15, tsayinta 595, ƙarin kashi biyu cikin ɗari, gefenta milimita 107.

Ƙanina 195/50 ta burge shi, saboda ta fi kwanciya a jikin wilin, motar ta fi kama da ta 'yan gayu. Ni kuwa gefen taya nake kallo, don shi ne katifar da ke tsakanin bakin rami da aloyin da ya kashe wa kuɗi. Daga 114 zuwa 107 ragi ne da za a iya jurewa. Daga 114 zuwa 98 a layin gidansa neman magana ne. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne ita wannan motar da aka kai ta Amurka da sunan Fit, samfurin Sport na 2007 da 195/55 R15 ya fito daga kamfani. Ga kuma lambar ɗaukar nauyi: ta asali 82 ce, wato kilo 475 kowace taya, 195/55 R15 yawanci 85 take zuwa, kilo 515. Ga mai dakon buhu daga Azare wannan riba ce. Muka tsaya a kanta.

Yanzu sai suna

Yana da kyau a san inda muke tsaye. Nijeriya ta taɓa yin tayar mota da kanta: Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop na da tata a Ikeja. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta daina ƙerawa a 2008. Tun daga nan tayar ƙaramar mota daga waje ake shigo da ita, kuma tsakanin masana'antar da ta yi ta da shagon da ka same ta akwai hannaye da yawa. Dattawan direbobi da suka yi zamani da tayar gida har yanzu sunan nan biyu suke rantsuwa da su, kuma daga bakinsu ƙanina ya ɗauko sunan Michelin da ke cikin tambayarsa.

A kasuwa sunayen sun rabu kamar hawa uku. A sama akwai tsofaffin gidaje: Michelin ta Faransa, Bridgestone ta Japan, Continental ta Jamus, Pirelli ta Italiya, Goodyear ta Amurka. A tsakiya akwai irin su Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu, Maxxis ta Taiwan, da ƙananan sunayen da manyan gidajen suka mallaka, kamar Firestone da ke hannun Bridgestone tun 1988, ko Laufenn ta Hankook. A ƙasa kuma tayoyin Sin ne, kuma su ma ba ɗaya ba ne: akwai manyan masana'antu irin su Triangle da Linglong da masu yin Westlake, akwai kuma sunayen da yau ka gan su, baɗi ka neme su ka rasa.

Wani abu da sai da na yi ta nanata wa ƙanina: ƙasar da aka rubuta a gefen taya ba ita ce shaidar jabu ba. Michelin na da masana'anta a Sin da Tailan, Hankook na yi a Hungary da Indunusiya da Sin. Kumho ma kamfanin Doublestar na Sin ne ya sayi kaso mafi girma a cikinta a 2018. Mai cewa "in dai ka ga Chaina a jiki ka gudu" ya tsaya a zamanin da ya wuce. Abin tambaya shi ne wa ya yi ta, yaushe aka yi ta, kuma ta wace hanya ta iso.

Cikin kwanakin nan tayi uku muka samu da suka cancanci a zauna a kansu.

Na farko, tayoyi huɗu 'yan Kwatano na wani babban kamfanin Turai, zanensu da saura sosai, an shafe su da baƙin mai suna sheƙi, kuɗinsu bai kai rabin na sabuwa mai matsakaicin suna ba. Ƙanina har ya fara laluben aljihu. Na tsuguna na duba gefe. Ga M+S, alamar taɓo da ƙanƙara, kusa da shi ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a cikinsa. Tayar hunturu ce, an haɗa robarta ta yi laushi a sanyin da bai kai digiri bakwai ba. A Kano kuwa watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 a inuwa, balle kwalta da tsakar rana. Irin wannan taya a nan narkewa take yi a hankali, ta cinye da wuri, birki kuma ya yi tsawo. Lambar shekarunsu ma ba ɗaya ba ce, biyu na 2017, ɗaya ta 2016, ɗayar an goge wurin. Ga shi dama tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su, shi ya sa ake cusa uku ko huɗu cikin juna don a boye su a rage wuri, kuma wannan cushen yana karya wayoyin da ke bakin tayar ta inda ido ba ya gani. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama kwantenoni da irin wannan cushen, har da sababbi. Muka wuce.

Tayi na biyu shi ne ya fi wahalar ƙi, kuma a kansa muka yi gardama ta gaske. Sabuwar taya ce dal, ba ta taɓa taka ƙasa ba, takardarta na manne, ta ɗaya daga cikin manyan gidajen nan da ƙanina yake mafarki, girman da muke nema daidai, kuma mai shagon ya yi ragi mai tsoka. Na nemi inda aka rubuta DOT na bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe: 3818. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. An yi ta a mako na 38 na 2018, ta haura shekara biyar a ajiye. Dalilin ragin ke nan. Girman ba ya tafiya sosai, sai ta kwana a sito.

Mai shagon dattijo ne mai fara'a. Ya ce, "Malam, ai da tsohuwar zuma ake magani. Wannan ba irin na yanzu ba ce." Na ce, "Alhaji, zuma ba ta bushewa a rana, roba kuwa tana yi." Muka yi dariya, amma bai sauko ba, ni ma ban hau ba.

A nan dole in yi adalci, domin maganar ta fi yadda ake yaɗa ta zurfi. Hukumar kiyaye haɗura ta FRSC tana cewa taya shekara huɗu take yi daga ranar da aka ƙera ta, kuma jami'anta suna dubawa a hanya. Su kuwa kamfanonin ba haka suke faɗa ba: Michelin, misali, cewa take yi bayan shekara biyar ana amfani da taya a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta bai cinye ba. Tayar da aka ajiye a wuri mai sanyi da duhu tana iya shekaru ba ta lalace ba. Amma na ga sitonsa. Rufin kwano ne babu silin, janareta na aiki a gefe, wasu tayoyin ma a waje suke yini. Zafi da rana su ne abokan gabar roba. Ko da a ce lafiyarta ƙalau, ƙanina zai ɗaura tayar da ta riga ta faɗi a ma'aunin 'yan rodi sefti tun ranar farko, a titin da yake bi sau goma a mako. In ya yi shekara uku da ita, ta kusa tara.

Da muka fito ya ce, "Yaya, amma fa sayen nagari mayar da kuɗi gida." Na ce haka ne, sai dai nagarin da ya tsufa a sito rabin kuɗin ya riga ya tafi.

Muka tambayi ta wannan gidan 'yar bana a wurin dillalin da ke kawo ta kai tsaye. Akwai, amma sai an yi odar girman daga Legas, kuma huɗu sun kusa ninka abin da ya ware. Ya kawo shawarar ya sayi biyu masu tsada ya sa a gaba, ya cike baya da masu araha. Wannan ita ce al'adar direbobinmu, kuma baibai take. Kamfanonin taya da kansu suna cewa in biyu ne masu kyau, a baya ake sa su, ko da motar da gaba take ja. In gaba ya zame a ruwa, direba yana jin sa a sitiyari, ya sassauta mai ya gyara. In baya ya kwace, motar juyawa take yi kafin ya ankara. Ƙaramar mota mai gajeren jiki kamar Jazz ba ta ba da lokacin tunani. Na ce huɗu iri ɗaya, ko a bar wilin a ɗaki har kuɗi su cika.

Tayi na uku shi ne Hankook, 195/55 R15 85H, a shagon wani dillali mai ba da rasit da sunan shagonsa a kai. Duka huɗun 4123, wato Oktoban 2023, wata huɗu da ƙera su. Harafin H yana nufin ta jure gudun kilomita 210 a awa. Ba wanda zai yi wannan gudun da Jazz, amma taya mai H ta fi mai T, harafin da ke ƙasa da shi a ma'aunin gudu, jure zafi, kuma zafin ne damuwarmu. A gefenta an rubuta TEMPERATURE A, mataki mafi girma a ma'aunin Amurka mai A da B da C. A takardar da ke manne akwai ma'aunin Tarayyar Turai, wanda aka fara tilasta shi a 2012, kuma a wajen riƙe jiƙaƙƙen titi ta samu B. Wannan harafi ba ado ba ne: tsakanin mataki na sama da na ƙasa, motar da ke gudun kilomita 80 tana iya bambanta da mita 18 kafin ta tsaya. Mita 18 ya fi tsawon motoci huɗu irin tasa a jere.

A gefe guda kuma akwai wata sabuwar tayar Sin mai suna sananne, ita ma 'yar 2023, da ragin kusan kashi ɗaya cikin uku. Ban raina ta ba. Da a cikin gari kawai yake yawo, ko da motar haya ce da ke cinye taya kafin ta tsufa, da ita zan ce ya ɗauka, kuma na sha saya wa motocin kamfani irinta ba mu yi nadama ba. Abin da ya raba su a wurina shi ne harafin ruwan: nata ya sauka da mataki biyu. Mutumin da zai yi kilomita 80 kullum har cikin Agusta, da yara a baya duk ƙarshen wata, wannan mataki biyun ya fi ragin daraja. Hankook kuma gida ne tun 1941, Volkswagen da Hyundai da wasu suna ɗaura tayarta a sababbin motocinsu daga masana'anta, kuma in ɗaya ta lalace baɗi akwai tabbacin samun 'yar'uwarta. Ita muka saya. Ƙanina bai yi murna sosai ba a ranar. Ya so a ce in ya tsaya a majalisa a karanta babban suna a ƙafar motarsa.

Ranar ɗauri

Na hana a kai wa mai facin bakin layi, ba don raini ba. Kayan aikinsa ƙarfen banƙara ne da guduma, sun dace da wilin ƙarfe, amma bakin aloyi ɓantare shi suke yi, kuma tayar da ba ta da tiyub da wannan bakin take riƙe iska. Muka je inda ke da injin ɗauri. Aka sa sababbin bawul, aka yi balansin da dalmar mannawa ta ciki maimakon mai maƙalewa a baki.

Sai maganar ramin tsakiya. Muka samo zobba huɗu da ke cike tazarar 73.1 zuwa 56.1, don wilin ya zauna daidai a tsakiya. In babu su, wani lokaci sitiyari kan kama rawa in an kai gudun 90 ko 100, a yi ta zargin taya ana maimaita balansin a banza.

Notin ne ya kusa kufce mana. Yaron shagon ya ɗauko tsofaffin notin motar zai ɗaure. Na karɓi ɗaya na nuna masa gindinsa: notin Honda gindinsa zagayayye ne kamar ƙwallo, ramin wilin kasuwa kuwa a tsuke yake kamar mazurari. In ka haɗa su, a siririn layi kawai suke taɓa juna. Yau ka ɗaure tam, bayan mako ya saki. Muka sayi noti goma sha shida masu gindin mazurari. Tsofaffin guda huɗu na sa ƙanina ya ƙulle a leda ya ajiye a but, tare da ɗaya daga cikin tsofaffin wilin a matsayin safaya, tunda tsayinsu ya yi kusa. Ƙarfin ɗaurin da Honda ta ƙayyade 108 ne a ma'aunin Nm, ba a hau kan sifana da ƙafa ana tsalle ba. Na ce bayan tafiyar kwana ɗaya ya dawo a sake bin su.

Wajen iska ma sai da na tsaya a kai. Yaron ya karanta adadin da ke gefen tayar zai cika ta har can. Wannan adadi iyaka ce da ba a so a wuce. Wanda motar ke so yana jikin takardar da ke manne a dokin ƙofar direba, talatin da 'yan kai. Tayar da aka cika ta yi tauri tsakiyarta ke cinyewa, kuma duk dukan rami kai tsaye yake isa ga wili da shokozoba. Wadda ba ta cika ba kuma ita ce ke ɗaukar zafi har ta yi bindiga a hanya. Na saya masa ƙaramin geji na ce da safe ake aunawa, kafin motar ta motsa.

Daga ƙarshe muka murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu muna leƙawa, muka zuba mutum uku a baya muka haura tudun rage gudu. Babu guga.

Abin da ya biyo baya

Ƙaramar sallar Afrilu a Azare ya yi ta, cikin tsananin zafi, mota cike, ya je ya dawo lafiya. Ya ce motar ta fi zama a kwana, amma yana jin tsakuwar hanya fiye da da, kuma man bai ragu ba, in ma ba ɗan ƙaruwa ya yi ba. Wannan ban yi mamakinsa ba.

Cikin Agusta, da dare ana ruwa, ya faɗa wani rami da ruwa ya rufe a kusa da gida. Da safe ya kira ni murya na rawa. Na je na duba: wilin gaba na dama ya ɗan kurje a baki, bai tsage ba, gefen tayar babu kumburi. Na auna kurjin da ido, na tuna milimita kusan goman da muka yi gardama a kansu tsakanin 195/55 da 195/50, ban ce masa komai ba.

Kuskure ɗaya muka yi, kuma nawa ne. Bayan wannan ramin ban matsa a sake alaimen ba. Da tayoyin suka cika shekara na sa ma'auni a zanensu, uku suna cinyewa daidai, ta gaban dama kuwa gefenta na ciki ya fi na waje cinyewa da kusan milimita ɗaya. Aka gyara saitin, aka mayar da na gaba baya, na baya gaba. Da sauran tafiya mai nisa kafin su kai alamar milimita 1.6 da ke cikin zanen, inda ake cewa taya ta ƙare.

Rannan na bi ta gaban shagon dattijon nan. Huɗun nan masu 3818 ba sa nan. Na tambaye shi, ya ce wani mai Civic ya kwashe su tun kafin azumin bara, bai ko nemi ragi ba.